Gwajin Aƙidar Siyasa da Ra'ayin Mutanen Arewacin Yobe

Gwajin aƙidar siyasa jerin tambayoyi ne da mutum ke amsawa a waya ko kwamfuta, in ya gama sai na'ura ta lissafa amsoshinsa ta raɗa masa suna: ɗan gurguzu ko ɗan jari-hujja, mai ra'ayin riƙau ko mai sassaucin ra'ayi. Wani gwajin kuma sunan jam'iyya ko ɗan takarar da ya fi kusa da mai amsa yake bayarwa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, in yana da data, zai iya kammala ɗaya kafin a kira sallah ta gaba, ya sami zanen taswira da ɗigo a kanta, a ce masa nan ne matsayinsa. Abin bincike shi ne ko wannan ɗigo yana faɗin wata gaskiya game da shi, ko game da mahaifinsa da ke noman gero a Kumagannam. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa abin da gwajin ke aunawa a zahiri shi ne tazarar da ke tsakanin mai amsa da jerin tambayoyin wanda ya tsara su. Inda muhawarar mutanen wuri ta dace da jerin, sakamakon kan kusanci gaskiya. A arewacin Jihar Yobe ba ta dace ba.

Rabon siyasa zuwa hagu da dama ya samo asali ne daga Majalisar Faransa ta 1789, inda magoya bayan sarki suka riƙa zama a hannun daman shugaban zaure, masu neman sauyi kuma a hagunsa. Wajen 1970 wani Ba'amurke mai suna David Nolan ya ga layi ɗaya bai isa ba, ya zana biyu masu gicciye juna: ɗaya na 'yancin tattalin arziki, ɗaya na 'yancin mutum a rayuwarsa. A kan wannan zane aka gina wani ɗan gwaji mai tambayoyi 10 a 1987, kuma irin tsarin ne shafin Political Compass ya ɗauka a 2001 da jumloli 62. Akwai reshe na biyu mai manufa dabam, wato taimaka wa mai zaɓe ya gane jam'iyyar da ta fi dacewa da shi. An fara shi a Holan a 1989 da sunan StemWijzer, Jamus ta bi sahu a 2002 da Wahl-O-Mat, wanda hukumar gwamnati mai wayar da kan 'yan ƙasa ke gudanarwa. A wannan reshe jam'iyyu da kansu ke amsa jumlolin tukuna, sannan a gwada amsar mai zaɓe da tasu.

Kowane irin gwaji ne, wanda ya tsara shi ya riga ya yanke hukunci uku kafin mai amsa ya taɓa allon wayarsa. Shi ya zaɓi abin da za a tambaya, shi ya ƙayyade amsoshin da za a karɓa, shi kuma ya sa wa kowace amsa nauyinta. Political Compass, alal misali, amsa huɗu kawai yake karɓa, daga amincewa ƙwarai zuwa ƙin amincewa ƙwarai. Babu wurin cewa "ban sani ba" ko "ya danganta". Zaɓin tambayoyi kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A 2009 Stefaan Walgrave da abokan aikinsa a Beljiyam sun nuna cewa in aka sauya jumlolin da aka ɗebo daga rumbu guda, jam'iyyar da gwajin ke ba mutane shawarar zaɓa tana sauyawa sosai, alhali mutanen da ra'ayinsu suna nan yadda suke.

Tun kafin intanet masana sun gano wata matsalar daga ɓangaren mai amsa. A 1964 Philip Converse ya nazarci amsoshin Amurkawa da aka yi wa tambayoyi iri ɗaya a 1956 da 1958 da 1960, ya tarar da yawansu suna sauya amsa ba tare da wani tsari ba, alamar cewa ba su da ra'ayi a kan batun, sun dai amsa ne don an tambaye su. A 1980 George Bishop da abokansa suka wallafa wani gwaji da suka tambayi mutane ra'ayinsu a kan wata dokar 1975 da ba a taɓa yin ta ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce suna goyon bayan a soke ta ko a bar ta. Sai dai Converse ya lura da wani abu da ake yawan mantawa: mutumin da ke yawo da amsa a kan batutuwa goma zai iya tsayawa ƙyam a kan na goma sha ɗaya, in shi ne ya shafi rayuwarsa. Daga nan ne ya kamata a fara duban arewacin Yobe.

Mazaɓar sanata ta Yobe ta Arewa ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari. Kudancinta fadama ce, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. Arewacinta, ƙasar Yusufari inda Kumagannam take, tudun rairayi ne da kwaruruka masu dabino da kanwa, har zuwa iyakar Nijar. Mangawa da Badawa da Fulani da Hausawa ne mafi yawan mazaunanta. Siyasar wannan yanki, in aka saurari abin da ake gardama a kansa a kasuwa da majalisar unguwa, ruwa ne kan gaba.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano. Kafin su, kogin Haɗeja kan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye ya bar ƙasa mai danshi ga mai shinkafa da mai kayan lambu da makiyayi. Bayan su ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki don noman rani kuma ya riƙa gudana kusan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacalla dama. Ta fi mutum tsawo, saiwarta na sarƙewa a ƙarƙashin ruwa tana tara laka har hanyar ruwa ta toshe. Da ta cushe wasu rassan kogin, sai ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe. Masu kwalekwale kan shiga da lauje su yi kwanaki suna sara, ruwa iya ƙirji, bayan 'yan watanni ta sake tsirowa. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da asuba su tashi su faɗa wa gero da shinkafa. A kan wannan tarihi ne mutanen ƙasan kogi ke kallon shirin madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a Jihar Bauchi, wanda aka daɗe ana tayarwa ana ajiyewa. Manomin Bauchi na ganin sa a matsayin ci gaba, masuncin Bade na ganin sa a matsayin toshe babban kogin da ya rage yana kawo masa ambaliya.

Wannan ra'ayin siyasa ne cikakke. Yana da tarihi, yana da hujja, mai shi ba ya sauya shi daga shekara zuwa shekara, kuma ya shafi tambayoyin da falsafar siyasa ta ginu a kansu: wa ke da haƙƙi a kan dukiyar da kowa ke amfana da ita, kuma wa zai biya kuɗin ci gaban wani. Amma ba shi da gurbi a layin hagu da dama. Mai adawa da madatsa yana adawa da babban aikin gwamnati, wanda a lissafin gwaji zai tura shi dama. Shi ɗin ne kuma ke neman gwamnati ta kawo injinan yasa ta share kacalla, ta binciki cutar ƙodar da ta addabi Gashuwa, ta dasa itatuwa don tare rairayin da ke cinye gonaki a Yusufari, wanda zai tura shi hagu. Na'ura za ta haɗa biyun ta ajiye shi a tsakiya, ta kira shi mai matsakaicin ra'ayi, alhali a kan abin da ya dame shi babu mai tsauri kamarsa. Awon gero ne da mudun wata kasuwa: an sami lamba, amma ba ta faɗi yawan abin da ke cikin buhu ba.

Batun iyaka ma haka yake. Gwaje-gwajen Turai da Amurka suna ɗaukar iyaka a matsayin tambayar baƙin haure da kishin ƙasa: mai son a rufe yana dama, mai son a buɗe yana hagu. A ƙasar Mangawa iyakar ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Mutumin Kumagannam na iya samun kawu a Maine-Soroa ko suruki a Gudumariya, dabbobi da kanwa na gangarowa kudu, hatsi da kayan masarufi na haurawa arewa. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, a Nuwamban 2019 kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, kuma sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi batun kai wa Nijar yaƙi. Dattijon da ke son iyaka a buɗe a nan ba don sassaucin ra'ayi yake so ba. Zumunci da abincinsa yake karewa, kuma a kan tarbiyya da aure da addini zai iya fin kowa riƙo.

A layi na biyu, na 'yancin mutum, gazawar ta fi fitowa fili. Cikin jumlolin Political Compass akwai na halatta tabar wiwi, da na ba ma'aurata 'yan jinsi ɗaya riƙon yara, da na ko zanen da bai kwaikwayi siffar komai ba ya cancanci a kira shi fasaha. Yobe na cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta fara a 2000. A kan irin waɗancan jumloli kusan kowa a Nguru amsa ɗaya zai bayar, ko kuma ya danna abin da ya samu don bai taɓa tunanin batun ba. Tambayar da kowa ke amsawa iri ɗaya ba ta bambanta kowa da kowa, don haka malami da ɗan kasuwa da makiyayi duk za su taru a kusurwa guda ta taswira. Bambancin da ke akwai na gaske ya ɓace. Nguru gari ne mai zurfin tarihin Tijjaniyya, garin Shehu Muhammadu Gibrima, almajirin Shehu Ibrahim Inyass. Ƙungiyar Izala kuma, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana da masallatanta da makarantunta a faɗin yankin. Saɓanin da ke tsakaninsu a kan ikon shehunai da tsarin karatu da bukukuwa yana da tasiri a kan wanda mutum ke saurara lokacin zaɓe. Haka nan saɓanin manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya, da na matashi da dattijo a kan ikon hakimi da mai gari wajen rabon fadama. Babu jumla ko ɗaya cikin 62 da ta taɓa waɗannan.

Akan ce matsalar ba ta gwajin ba ce, ta mutanen ce: wai talakan Arewa ba shi da aƙida, kuɗi da taliya da umarnin manya ke juya shi. Tarihin yankin bai goyi bayan wannan magana ba. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 a kan rabuwar talakawa da masu sarauta, kuma a tsohon lardin Borno, wanda ya haɗa da Yobe ta yau, ƙungiyar matasan Borno ta BYM da aka kafa a 1954 ta ƙulla ƙawance da ita a ƙarƙashin Ibrahim Imam, bayan ya bar muƙaminsa na sakataren jam'iyyar NPC. Mutane sun sha ɗauri da duka a kan wannan ra'ayi. A 1979 tsohuwar Jihar Borno ta ƙi jam'iyyar NPN ta zaɓi GNPP ta Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, Muhammadu Goni ya zama gwamna. Aƙidar da ta tsiro daga haraji da jangali da kotun alkali ta kama zukata. Wadda aka shigo da ita daga sama kuwa ba ta kama ba. A Oktoban 1989 gwamnatin Ibrahim Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista, ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kanta, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, ta ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC ta ɗan karkata dama. Bukar Abba Ibrahim ya zama gwamnan farar hula na farko a sabuwar Jihar Yobe a ƙarƙashin SDP mai ɗan karkata hagu. A 1999 ya dawo a ƙarƙashin APP, wadda ake ƙirgawa cikin masu ra'ayin riƙau. Magoya bayansa ba su ga wani saɓani a nan ba, domin mutumin suke bi.

Zaɓen 2023 ya ba da misali mafi kusa. Tun 1999 PDP ba ta taɓa mulkin Yobe ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 Buhari na APC ya sami ƙuri'u kusan rabin miliyan a jihar, Atiku Abubakar na PDP dubu 50 da 'yan kai. A 25 ga Fabrairun 2023 Atiku ya lashe jihar da ƙuri'u sama da dubu 198, Bola Tinubu na APC ya sami dubu 151 da ɗoriya, duk da cewa mataimakinsa Kashim Shettima Babarbare ne daga maƙwabciya Borno. A ranar ce kuma Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa kuma shugaban Majalisar Dattawa a lokacin, ya riƙe kujerar Yobe ta Arewa a APC, bayan Kotun Ƙoli ta ba shi takarar a farkon watan da rinjayen alƙalai uku a kan biyu a shari'arsa da Bashir Machina. Makonni uku bayan haka Mai Mala Buni na APC ya sake cin gwamna da ƙuri'u sama da dubu 300. Alƙaluman jiha ba sa nuna abin da mutum ɗaya ya yi, kuma wani ɓangare na sauyin ya zo ne daga waɗanda suka zauna gida. Duk da haka tsarin a bayyane yake, kuma masu zaɓe suna da sunansa: akwai zaɓen "sak", wato jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, akwai na "wake da shinkafa", wato gauraya jam'iyyu, wanda masu yin sa ke kira cancanta. Ko ƙuncin canjin kuɗi na watannin ne ya jawo wannan sauyin, ko son ɗan Arewa, ko ɓacin rai a kan rigimar takara, duk dalilai ne na siyasa, kuma babu wanda gwajin aƙida zai iya hangowa a cikinsu.

Gwaji irin na Jamus ma zai ci tura a nan, don wani dalili dabam. Yana buƙatar jam'iyyun da suka bambanta a manufa, kuma suke tsayawa a kan abin da suka faɗa. Atiku da Tinubu sun zauna tare a SDP a Jamhuriya ta Uku, a AC a 2007, a APC har 2017, kuma dukansu sun yi alƙawarin cire tallafin man fetur a yaƙin zaɓen 2023. In an tambayi jam'iyyunsu biyu ko suna son tsaro da ruwan sha da taki da aikin yi ga matasa, amsa ɗaya za su bayar. Donald Stokes ya bambanta a 1963 tsakanin batutuwan da ake saɓani a kan manufarsu da waɗanda kowa ya yarda da manufar, gardamar kawai wa zai iya cikawa. Jaimie Bleck da Nicolas van de Walle sun nuna cewa nau'i na biyu ne ya mamaye zaɓukan Afirka tun 1990. Mai zaɓen da ke tambaya "me ya yi mana?" ko "in ya hau za a gan shi?" yana amsa ainihin tambayar da zaɓen ya ɗora masa. Hukunci yake yankewa a kan amana da iyawa, bisa abin da ya gani da idonsa, kuma wannan ba rashin wayewa ba ne.

Akwai kuma yanayin amsawar kanta. Gwajin intanet galibi da Turanci yake, don haka a yankin ɗalibai da ma'aikata da matasan gari kawai yake isa, mafi yawansu maza. Inda aka bi gida-gida da takarda, wasu matsalolin ke tasowa. Ladabi kan sa a gaskata baƙo a kan abin da ya faɗa, kuma masana ƙidayar ra'ayi sun daɗe da sanin cewa jumlar da aka nemi a amince ko a ƙi takan sami amincewa fiye da ƙima. Matar aure da ake tambaya a zaure, mijinta ko surukinta na zaune, ba lallai ta faɗi abin da za ta dangwala a rumfar zaɓe ba. A jihar da aka sa wa dokar ta-ɓaci a Mayun 2013 har aka katse layukan waya, baƙon da ke rubuta amsoshi abin taka-tsantsan ne. Cibiyar Afrobarometer, wadda ke ƙidayar ra'ayi a Afirka tun 1999, ta ɗauki waɗannan da muhimmanci: tana fassara tambayoyinta zuwa harsunan gida har da Hausa, a tambayoyi da dama takan gabatar da jumloli biyu masu karo da juna a zaɓi ɗaya, tana karɓar "ban sani ba", a ƙarshen hira kuma tana tambayar mutum wa yake zaton ya aiko ta. Da yawa kan ce gwamnati. Gwajin intanet ba ya yin ko ɗaya daga cikin wannan tsantseni. Yana kuma da nasa haɗarin, domin ta hanyar wani gwajin halayya a Facebook ne kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane har miliyan 87, kamar yadda aka fallasa a 2018, kuma rahotannin shekarar sun nuna ya sa hannu a yaƙin zaɓen Nijeriya na 2015.

Wannan bai sa gwajin ya zama marar amfani gaba ɗaya ba. A ajin kimiyyar siyasa yana koya wa ɗalibi yadda Turawa suka tsara muhawararsu, kuma musun da ɗalibin zai yi da sakamakonsa ya fi sakamakon amfani. Gwajin da zai yi wa mai zaɓen Yobe ta Arewa aiki kuwa daga wani wuri zai faro. Sai a tattaro tambayoyinsa daga bakin masunta da manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da mata, da Manganci da Badanci da Fulatanci da Hausa, a karanta su da murya ta rediyo ko saƙon waya saboda wanda bai yi boko ba. Sai a bar mai amsa ya nuna tambayar da ta fi masa nauyi, a bar masa damar yin shiru a kan wadda ba ta dame shi ba. 'Yan takara ne, ba jam'iyyu ba, za su fara amsawa da sunansu: matsayinsu a kan Kafin Zaki, a kan yadda ake sakin ruwan Tiga da Challawa, a kan rufe iyaka, a kan burtali, a kan kuɗin ƙananan hukumomi. A gefen kowace amsa kuma a ajiye abin da ɗan takarar ya yi a kan batun lokacin da ya riƙe muƙami, tun da wannan ne abin da mai zaɓe a Kumagannam da Nguru da Gashuwa ke fara tambaya.